Ibrahim Garba (masanin duwatsu da ma'adinai)

Ibrahim Garba (an haife shi a shekarar 1957) farfesa ne ɗan Najeriya, masanin duwatsu da sinadaran ƙasa, wanda ya ƙware a binciken ma'adinai, musamman zinare. Ya yi mafi yawan shekarun aikinsa yana koyarwa a Sashen Ilimin Duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kuma shi ne shugaban jami'ar daga 2015 zuwa 2020. Kafin nan ya shugabanci Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ke Wudil, ya kuma jagoranci ofishin tarayya mai ba da lasisin haƙar ma'adinai. A fagen ilimi an fi saninsa da binciken da ya yi a kan zinaren Birnin Yawuri a Jihar Kebbi, da kuma bayanin da ya kawo cewa manyan tsagogin da suka ratsa duwatsun yammacin Najeriya su ne suka tsara wuraren da zinare ya taru.

Asali da karatu

An haifi Ibrahim Garba a garin Riruwai, cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa a kudancin Jihar Kano. Riruwai tsohon garin kuza ne. Tun kafin zuwan Turawa mutanen garin suke wanke kuza daga yashin rafuka, su narkar da ita, su zuba ta sanduna sirara kamar tsinke, fatake kuma su kai ta Kano da sauran kasuwannin ƙasar Hausa. Duwatsun da suka kewaye garin ragowar wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya mutu kimanin shekara miliyan 170 da suka wuce. A tsakiyarsu akwai jijiyar ma'adini da ta miƙe daga gabas zuwa yamma tsawon kusan kilomita 5, tana ɗauke da kuza da tutiya. A shekarun 1970 aka fara haƙa ramin ƙarƙashin ƙasa domin a ci wannan jijiya, amma aikin bai ɗore ba. An rufe shi a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya karye a kasuwar duniya.

Garba ya yi digirinsa na farko a ilimin duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kammala a 1980. A nan ne kuma ya yi digiri na biyu a fannin neman ma'adinai a 1985. Daga bisani ya tafi Ingila, inda ya samu digirin digirgir daga Jami'ar Landan a farkon shekarun 1990. Kundin digirin nasa a kan zinaren Birnin Yawuri ne: yanayin duwatsun wurin, da sinadaransu, da asalin zinaren. Bayan ya dawo ya ci gaba da koyarwa da bincike a Zariya har ya kai matsayin farfesa.

Fannin da ya ƙware a kai

Ilimin sinadaran ƙasa reshe ne na ilimin duwatsu. Aikinsa shi ne auna sinadaran da ke cikin dutse da turɓaya da ruwa, da gano yadda suke tafiya daga wani wuri zuwa wani, da dalilin da ya sa suke taruwa a wani wurin. Zinare misali ne mai kyau. Kusan kowane dutse yana da ɗan ɓurɓushinsa, sai dai bai taka kara ya karya ba, domin sai an tara ɗaruruwan tan na dutsen gama-gari kafin a samu giram ɗaya. Dutsen da ake haƙa a ci riba kuwa yakan ɗauki giram kaɗan a kowane tan guda. Ke nan akwai abin da ya tattara zinaren a wurin har ya ninka na sauran duwatsu kusan sau dubu. Gano wannan abin, da lokacin da ya faru, da hanyar da ya bi, shi ne babban aikin masanin sinadaran ma'adinai.

A daji ake fara aikin. Masani yakan bi rafuka yana ɗibar yashi da laka daga gindinsu, domin ruwan sama yana wanko ɓurɓushin duk dutsen da ke saman rafin. Idan samfurin wani rafi ya nuna zinare fiye da na maƙwabtansa, sai a bi rafin zuwa sama har a kai inda alamar ta yanke. A nan sai a ja layuka a ƙasa, a riƙa ɗibar turɓaya a tazara ɗaya, a rubuta lamba da wurin kowane samfuri. Sau da yawa ba zinaren kaɗai ake aunawa ba. Akwai sinadaran da suka saba tafiya tare da shi, kamar asenik da tagulla da dalma, kuma sukan bazu a fili fiye da shi, saboda haka sun fi saurin nuna hanya.

A ɗakin gwaji ana busar da samfurin, a niƙa shi ya zama gari, a auna shi da na'urori. Tsohuwar hanyar auna zinare ita ce a narkar da garin tare da dalma a cikin wuta mai tsanani, dalmar ta janye zinaren, sannan a raba su a auna abin da ya rage. Har yau ana amfani da ita. Ana kuma yanka dutse a goge shi har ya yi sirantar da haske zai ratsa, a duba shi a madubin ƙara girma domin a ga wane ma'adini ne ya riga wani fitowa. Sai sakamakon waɗannan matakai ya yi kyau kafin a kawo injin huda ƙasa, wanda shi ne mataki mafi tsada.

Duwatsun arewa maso yammacin Najeriya

Zariya da ƙananan hukumomin da ke arewa da gabashinta, irin su Kudan da Makarfi da Ikara, duk suna zaune ne a kan tsofaffin duwatsun da masana ke kira duwatsun tushe. A mafi yawan wurare jar ƙasa da marmara sun rufe su, sai mai haƙa rijiya ne ke cin karo da su. A wasu wuraren kuma sun ɓullo sun tsaya a fili, kamar Dutsen Kufena. Waɗannan duwatsu sun samu siffarsu ta yanzu ne kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da manyan ɓangarorin doron ƙasa suka yi karo, duwatsu suka gasu, suka lanƙwashe, wasu suka narke. Masanin nan W. Q. Kennedy ne ya raɗa wa wannan lamari suna Pan-Afirka a 1964, domin an ga sawunsa a sassa da dama na nahiyar.

Tun a 1911 J. D. Falconer ya raba dutsen giranit na arewacin Najeriya gida biyu. Akwai tsohon giranit na zamanin Pan-Afirka, irin na Kufena. Akwai kuma sabon giranit, irin na Jos da na Riruwai da ke kudu maso gabashin Ikara, wanda shi ne mai kuza da kwalambayit. Saboda kuɗin da kuza ta kawo, Hukumar Binciken Duwatsu ta Najeriya, wadda aka kafa a 1919, ta fi mayar da hankali a kan sabon giranit a shekarunta na farko. Daga baya malaman Jami'ar Ahmadu Bello, irin su J. B. Wright da Patricia McCurry, suka zana taswirar duwatsun yankin Zariya a wajejen 1970.

Yamma da Zariya akwai wasu dogayen zirara na dutse mai ɓawo-ɓawo da ake kira shist, waɗanda asalinsu laka ce da yashi da suka gasu a ƙarƙashin ƙasa. Sun miƙe kusan daga arewa zuwa kudu, kuma an sa musu sunayen garuruwan da suka ratsa: Birnin Gwari, Kushaka, Maru, Anka, Zuru da sauransu. A waɗannan yankuna, da kuma Ilesha da Isanlu a kudu maso yamma, aka fi samun zinare. An fara rubuta adadin zinaren da ake haƙowa a Najeriya a 1913, harkar ta kai ƙololuwa a shekarun 1930, sannan ta durƙushe a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Mafi yawan abin da aka samu a wancan zamani daga yashin rafuka aka wanko shi, kuma ba a yi zurfin bincike a kan jijiyoyin da ya fito daga cikinsu ba.

Binciken zinaren Birnin Yawuri

Birnin Yawuri, wanda ake rubutawa Bin Yauri a takardun bincike, yana kusa da Yelwa a Jihar Kebbi, kuma yana cikin wuraren da aka haƙi zinare tun zamanin mulkin mallaka. Zinaren wurin yana cikin jijiyoyin farin dutsen nan mai ƙarfi da ake kira ƙanƙarar dutse. Jijiyoyin sun cika wata tsaga da ta ratsa iyakar da ke tsakanin shist da wani dutse dangin giranit da ya kutso cikinsa. Tare da zinaren akwai ma'adinai masu farar wuta, kamar fayirayit, wanda launinsa kan sa a ɗauka zinare ne.

Tambayar da Garba ya sa a gaba ita ce: wane irin ruwa ne ya ɗauko zinaren ya zuba a wannan tsaga, kuma daga ina ya fito? Masana sun san cewa irin waɗannan jijiyoyi ruwa mai tsananin zafi ne ke gina su, yana tasowa daga can ƙasa ɗauke da narkakkun sinadarai. Idan ya huce, ko matsin da ke kansa ya ragu, sai abin da ya ɗauko ya daskare a bangon tsagar. Yayin da ƙanƙarar dutse ke girma takan rufe wasu ƙananan ɗigo na ruwan a cikinta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubi. Ɗigon nan su ne samfurin ruwan da ya wuce shekaru miliyoyi da suka gabata. Ana ɗora sirantaccen yankin dutsen a kan na'urar da ke sanyaya shi ta kuma dumama shi, ana kallon lokacin da ɗigon ya daskare da lokacin da ya narke. Iskar kabon dayokzayid zalla, alal misali, tana narkewa ne a digiri 56.6 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, saboda haka da an ga ɗigo ya narke a daidai nan an san abin da ke ciki.

A 1992 Garba da Samuel Akande na Jami'ar Ilorin suka buga sakamakon irin wannan gwaji a mujallar Mineralium Deposita. Sun nuna cewa jijiyoyin Birnin Yawuri suna ɗauke da ɗigo masu yawa na kabon dayokzayid da babu ruwa a cikinsu. A 1996 ya sake buga wani bincike a wannan mujalla a kan tomalin, wani ma'adini mai sinadarin boron da ya yawaita a duwatsun da ke gefen jijiyoyin. A 2000 kuma ya haɗa bayanin asalin zinaren gaba ɗaya a mujallar Journal of African Earth Sciences. Ya sanya shi cikin ajin zinaren da ke samuwa a matsakaicin zafi, wato wajen digiri 250 zuwa 400, a zurfin kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa, ya kuma danganta ruwan da ya kawo shi da gasuwar duwatsu a ƙarshen zamanin Pan-Afirka. Idan dutsen da asalinsa laka ne ya gasu, yakan saki ruwa da iskar da ke cikinsa, su kuma su nemi tsaga su hau sama. Irin wannan zinare ne ake haƙa a yankin Ashanti na Ghana da Kalgoorlie a Ostareliya, ko da yake duwatsun can sun girmi na Najeriya nesa ba kusa ba.

Tsagogi da wuraren zinare

An daɗe ana ɗauka cewa zinaren Najeriya na zirin shist ne, saboda haka mai nema ya nemi shist kawai. Tun a wani rubutu da ya yi a 1988 a mujallar ƙungiyar masana ma'adinai ta Najeriya, Garba ya fara duba ire-iren zinaren ƙasar da yadda suka rarrabu. A rubuce-rubucensa na baya, har zuwa wanda ya fito a mujallar Applied Earth Science a 2003, ya kwatanta sinadaran jijiyoyi daga wurare da dama. Abin da ya fito shi ne, dutsen da jijiyar ta ratsa yakan bambanta daga wuri zuwa wuri, wani shist, wani giranit, wani kuma wani iri dabam, amma jijiyoyin kansu sun yi kama da juna, kuma suna jere ne kusa da manyan tsagogi da rassansu.

Manyan tsagogin guda biyu ne. Ɗaya ta bi ta Anka da Yawuri ta nufi Iseyin a Jihar Oyo. Ɗayar kuma ta bi ta Kalangai da Zungeru ta gangara Ifewara a Jihar Osun. Kowacce ta yi ɗaruruwan kilomitoci. Zinaren Anka da Birnin Yawuri yana kan layin farko, na Tsohon Birnin Gwari da Kwaga da Gurmana da Iperindo kuma yana kusa da na biyu.

Wannan bayani yana da amfani ga mai neman ma'adini. Maimakon ya bincike dukkan zirin shist, wanda zai ci kuɗi da shekaru, zai fara da inda tsaga ta lanƙwasa, ko ta yi reshe, ko ta ratsa iyakar duwatsu iri biyu, domin a nan ne ruwan ya fi samun wurin tsayawa. Haka kuma ba zai yi watsi da wani wuri ba don kawai dutsen wurin ba shist ba ne. Tsagogin sukan fito a hoton tauraron ɗan Adam da kuma a taswirar maganaɗisun ƙasa da ake aunawa daga jirgin sama, ko da jar ƙasa ta rufe su.

Bincike a kan fegmatayit

Fegmatayit dutse ne dangin giranit mai manya-manyan ƙwayoyi, wanda ke samuwa daga ragowar narkakken dutse bayan mafi yawansa ya daskare. Sinadaran da ba su samu shiga ma'adinan farko ba sukan taru a wannan ragowa. Shi ya sa ake samun tantalayit da kuza da litiyam da duwatsu masu daraja a wasu fegmatayit. Sai dai mafi yawansu babu komai a ciki, kuma da ido ba a cika bambance mai albarka da maras albarka ba.

Tun daga rahoton R. Jacobson da J. S. Webb na 1946, an san fegmatayit masu ma'adini a wani ziri mai tsawon kimanin kilomita 400, daga kudu maso yammacin Najeriya zuwa yankin Wamba da Jos. A 2003 Garba ya buga bincike a kan wasu da aka gano a wajen wannan ziri, a yankin Kushaka da Magami da Maradun a arewa maso yamma. Ya yi amfani da ma'aunin sinadarai wajen rarrabe su. Yayin da narkakken dutse ke ƙara tacewa, sinadarin rubidiyam da siziyam suna ƙaruwa a cikinsa idan aka gwada da fotasiyam. Saboda haka fegmatayit ɗin da rubidiyam da siziyam da litiyam suka yi yawa a cikinsa ya fi alamar ɗaukar tantalayit. Da samfuri kaɗan ana iya sanin wanda ya cancanci a haƙa. Wannan hanya ta ƙara daraja a 'yan shekarun nan, da buƙatar litiyam ta ƙaru saboda batirin waya da na motoci masu aiki da lantarki.

Sinadaran jijiya da lafiyar jama'a

Sanin abin da ke tare da zinare a cikin jijiya ya shafi rayukan masu haƙa da iyalansu. Jijiyoyin yankin Anka, da ke kan layin tsaga ɗaya da Birnin Yawuri, wasunsu suna ɗauke da dalma mai yawa a siffar dutsen kwalli. Da farashin zinare ya haura dala 1,000 kowane oza a wajejen 2009, mutanen ƙauyuka suka riƙa kawo dutsen gida, suna niƙa shi a injin niƙa, suna shanya garin a tsakar gida, suna kama zinaren da zaiba. Ƙurar ta shiga ƙasar da yara ke wasa a kai da abincin da suke ci.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ciki har da Dareta da Abare da 'Yargalma. Fiye da yara 400 ne suka rasu. Masana sinadaran ƙasa na Hukumar Binciken Duwatsu ta Amurka, ƙarƙashin Geoffrey Plumlee, sun auna dutsen da ƙurar, suka buga sakamakon a 2013. Sun gano cewa ruwa da iska sun daɗe da sauya mafi yawan dutsen kwallin zuwa wani nau'in dalma da ke saurin narkewa a cikin ɗan Adam, abin da ya sa gubar ta yi muni haka. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga ƙauyukan, aka kai ga Bagega a 2013. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. 

Aikin gwamnati

Sashe na 44 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasar Najeriya, saboda haka mai gona ba shi ne mai ma'adinin da ke ƙarƙashin gonarsa ba. A tsakiyar shekarun 2000 gwamnati ta yi wa harkar garambawul da tallafin Bankin Duniya, aka yi Dokar Ma'adinai da Haƙa ta 2007. Ɗaya daga cikin ginshiƙan gyaran shi ne ofishin rajistar filayen ma'adinai, wanda aka fi sani da MCO. An ɗauko Garba daga jami'a ya jagoranci ofishin a matsayin babban darakta a shekarun kafuwarsa.

Aikin ofishin shi ne karɓar takardun neman lasisi, da rubuta iyakar kowane fili a taswira ɗaya, domin kada a ba mutum biyu wuri guda. Ƙa'idarsa ita ce wanda ya riga nema shi ake fara dubawa, wanda kuma ya riƙe fili bai yi aiki ba a karɓe. Lasisin bincike ba ya wuce murabba'in kilomita 200, kuma na shekara 3 ne da ake iya sabuntawa. Lasisin babbar haƙa ba ya wuce murabba'in kilomita 50, na shekara 25. Na ƙananan masu haƙa kuwa iyakarsa murabba'in kilomita 3, na shekara 5.

A 2016 ministan ma'adinai Kayode Fayemi ya kafa kwamitin tsara taswirar bunƙasa harkar ma'adinai, ya naɗa Garba shugaba, tare da Farfesa Siyan Malomo, tsohon shugaban Hukumar Binciken Duwatsu ta Najeriya. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da taswirar a watan Agusta na wannan shekara. A lokacin, abin da ma'adinai ke kawowa bai kai rabin kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasa ba, taswirar kuma ta sa burin kaiwa kashi 3 cikin 100 zuwa 2025. Daga cikin matsalolin da ta lissafa akwai ƙarancin sahihan bayanai a kan duwatsun ƙasar, da wahalar samun jari, da yawan haƙar da ake yi ba tare da rajista ba.

Shugabancin jami'a

Jami'ar farko da Garba ya shugabanta ita ce ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001, aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a 2022. A 2015 ya gaji Farfesa Abdullahi Mustapha a shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962. A zamaninsa jami'ar ta ƙulla yarjejeniya da Jami'ar Central South ta ƙasar Sin, inda ɗaliban injiniya ke yin shekara 3 a Zariya da shekara 2 a Sin a fannonin da suka shafi jirgin ƙasa da sufuri.

A zamaninsa ne kuma, a 2018, aka sauya makamashin ƙaramin injin nukiliya na bincike da ke Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta jami'ar, aka mayar da tsohon makamashin ƙasar Sin. Injin, wanda ya fara aiki a 2004, yana cikin na'urorin da ake auna sinadaran dutse da turɓaya da su a Najeriya. Wa'adin Garba na shekara 5 ya ƙare a 2020, Farfesa Kabiru Bala ya gaje shi.

Harkar zinare bayan bincikensa

Mafi yawan zinaren arewa maso yamma har yanzu ƙananan masu haƙa ne ke fitar da shi, da diga da shebur da kwanon wanki. A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, ba a ɗage hanin ba sai a watan Disamba na 2024. A watan Yuli na 2020 aka gabatar wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinare mai nauyin kilo 12.5, wadda aka tace daga zinaren ƙananan masu haƙa a ƙarƙashin wani shirin gwamnati da aka fara gwadawa a jihohin Kebbi da Osun, Babban Bankin Najeriya kuma ya saye ta.

A 2021 mahaƙar Segilola ta kamfanin Thor Explorations ta fara fitar da zinare a Jihar Osun, kuma ita ce babbar mahaƙar zinare ta zamani ta farko a ƙasar. Tana yankin Iperindo ne, kusa da tsagar Ifewara, ɗaya daga cikin layuka biyun da aka ambata a sama. Rubuce-rubucen Garba a kan Birnin Yawuri da Kushaka da fegmatayit na arewa suna cikin waɗanda ɗalibai da masu bincike ke yawan kafa hujja da su a kundayen digiri da mujallun ilimin duwatsu a kan zinaren Najeriya.